Takardar Shagona Tana Bayan Kumfa

Jama'a, idan kuka ga rubutun wannan makon ya ɗan karkace, ku yi mini uzuri, da hannun hagu nake yinsa. Na daman yana naɗe cikin tsohon ɗankwalin uwar yara, ya kumbura suntum, sai warin man zafi yake yi. Ba dambe na yi ba, ba kuma babur ne ya kayar da ni ba. Aikin hukuma na yi jiya, awa uku cif, alhali ba wanda ya ɗauke ni aiki.

Ga wanda bai san ni ba, gyaran fanka da rediyo nake yi, wani lokaci har da dutsen guga idan mai shi ya nace. Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin titi, da rumfar kwano a gabansa. Rumfar nan marigayi mahaifina ne ya kafa ta da hannunsa, kuma a ƙarƙashinta nake aiki, domin cikin shagon ko da rana tsaka sai ka yi lalube kafin ka sami sukudireba. Shekarata ashirin da shida a kan bencin da ke wurin.

Makon jiya muka wayi gari an shafa wa duk bangon layinmu jan fenti. Wai za a faɗaɗa titi. Titin nan tun ina da gashi a ka ake alkawarin faɗaɗa shi, duk zaɓe sai an zo an auna shi an tafi, har mun saba da masu awon, muna ba su ruwa. To wannan karon da gaske suke, katafila ma ta iso, an ajiye ta a bakin kwana, an ce Alhamis za ta fara. Na tare safiyon da ya yi awon, ya buɗe littafinsa ya ce, "Kai ba ka ciki. Shagonka da rumfarka sun tsira da taku biyu. Mai fentin ne ya ga fentinsa ya rage, ya ƙarasa layin." Na ce to a goge mana. Ya ce shi awo ne aikinsa, ba gogewa ba. In je ofishinsu, hawa na biyu, ɗakin ƙarshe, a buga mini takarda daga kwamfuta in nuna wa masu rusau kafin Alhamis. In babu takarda, in ji shi, katafila ba ta san taku biyu ba.

Ba zan faɗi sunan ofishin ba, ina da iyali.

Ranar Litinin na tafi a ƙafa, don babur ɗina yana kan layin mai tun Asabar, na bar wa maƙwabci amanarsa yana tura mini shi gaba. Na hau bene ina haki. Ɗaki ne mai faɗi, tsofaffin fayiloli an ɗaure su da igiya an jibge har rufi, fankar sama tana juyi tana kukan da ni kaɗai na san ciwonta. Tebur uku, kowanne da sabuwar kwamfuta fil. A fuskar kowace kwamfuta kuwa, wallahi, kumfa ce take yawo. Irin kumfar sabulun nan da yara ke hurawa, manya da ƙanana, masu launi-launi, suna tashi a hankali, su yi karo da juna, su rabu, su daki gefe su dawo. Mutum wajen goma zaune a benci, kowa ya yi tagumi yana kallo.

Akawu ɗaya ne a ɗakin, wani siririn dattijo mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Ayya. Kumfa ta riga ka."

Na ce, "Wace ce kuma haka, Malam? Ni na zaci layi ake bi."

Bai yi dariya ba. Ya sa yatsa ya ɗan ture abin nan da ake turawa a kan tebur, wanda mu muke ce wa ɓera. Nan take kumfar ta ɓace, wani ɗan akwati ya fito yana neman lambar sirri. Ya ce, "Ka gani? Da zarar ta fito, ta kulle ke nan. Lambar kuma tana wurin Yallaɓai shugaban sashenmu, shi kaɗai ya san ta, ya kuma fita tun sha biyu."

Da yake ba shi da aikin yi, ni ma ba ni da wurin zuwa, sai ya ba ni tarihi. Ashe Mai Girma Shugaban Sashe, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, ya je wani taron ƙara wa juna sani ne a wani babban otal, ya ga kumfa tana yawo a kwamfutar mai karɓar baƙi. Abin ya shiga ransa. Da ya dawo ya ce ba zai yiwu otal ya fi hukuma ci gaba ba. Aka kafa kwamiti na mutum bakwai, suka yi zama huɗu, kowane zama da lemo da abin taɓawa. Zaman farko aka yi kan girman kumfar, na biyu kan launi, har wasu mutum biyu suka daina gaisawa. A zama na uku aka zo kan muhimmiyar magana: minti nawa kwamfuta za ta zauna ba a taɓa ta ba kafin kumfa ta fito? Wani ya ce goma, wani ya ce sha biyar. Yallaɓai ya ce shi ba ya son ya ratsa ta baranda ya leƙo ya ga allo tsirara kamar ba a aiki. Minti ɗaya. Kowa ya ce ai dama abin da ke ransa ke nan. A zama na huɗu aka ɗauko ƙwararre daga waje ya saita, shi kuma don a san ya zo, ya ƙara da cewa saboda tsaro duk lokacin da kumfa ta fito sai an sa lambar sirri kafin a koma aiki. Aka rubuta, aka sa hannu, aka buga hatimi.

Na ce, "To Malam, ku yaya kuke aiki?"

Ya ce, "Ka zo gobe da wuri, za ka gani. Ka ci abinci sosai."

Da la'asar na biya wurin mai askin da ke tsallaken titi, wanda muke ce wa Lauya saboda bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Shagonsa ba a shafa masa fenti ba, shi ya sa yake da ƙarfin hali sosai a kwanakin nan. Na kwashe labari na gaya masa. Ya ɗaga almakashi sama ya ce, "Kai dai ba ka da godiya. Shekara nawa ana yi mana alkawarin ruwan famfo? Ga shi an fara da kumfa, ruwan yana tafe. Komai daki-daki ake yinsa."

Na ce, "Lauya, shagona fa za a rushe."

Ya ce, "Ni da ni ne, in shiga ofishin shugaban nan in daki tebur. Ba kai ne kake rubutu a jarida kana zage-zage ba? Ka nuna masa kai wane ne mana."

Na ce ai kuwa zai gani. Har da buga ƙirji na yi, mutum uku shaida ne.

Talata tun bakwai ina bakin ƙofa, amma na tarar da mutum huɗu a gabana. Muka zauna muna kallon kumfa har sha ɗaya. Sai ga Yallaɓai, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Akawu ya yi tsawa, "A juya baya!" Duk muka miƙe muka fuskanci bango kamar 'yan makarantar da suka yi laifi, shi kuma ya duƙa, ya baza rigarsa ya rufe madannai, ya danna lambarsa da yatsa ɗaya. Kwamfuta ɗaya tak ya buɗe, ya ce sauran biyun a bar su su ƙawata ɗaki. Ya fice.

A nan na ga yadda ake aikin. Kowace takarda, kafin a buga ta, sai akawu ya sauka ƙasa ya nemo tsohon fayil ɗinta ya gwada da abin da ke cikin kwamfuta, wannan ma doka ce. Saukar nan kuwa ba ta minti ɗaya ba ce. Da can masinja ne yake riƙe ɓeran yana motsa shi kafin a dawo, sai ya kai ƙara cewa ba ya cikin aikin da aka ɗauke shi, aka kuma ba shi gaskiya. Saboda haka yanzu duk wanda layi ya zo kansa, shi zai zauna a kujerar akawu, ya ɗora hannu a kan ɓera, ya yi ta kai shi gaba yana dawo da shi, kada ya kuskura ya tsaya, har akawu ya dawo. In ka bari kumfa ta fito, ka kashe kanka, ka kashe na bayanka.

Na farko ya yi nasa lafiya, wani direba ne mai damtse. Na biyu ma ya sha da ƙyar. Ta uku wata dattijuwa ce mai sayar da gawayi a can ƙarshen titinmu, ita ma an shafa wa rumbunta fenti. Ta zauna, ta kama ɓera da hannu biyu, tana murza shi kamar mai niƙa, muna ta yi mata sannu. Komai yana tafiya daidai har wani mai dogon baki a bayana ya ce, "Iya, ke me ya kawo ki?"

Wayyo. Ashe Iya ba ta iya magana ba sai da hannu. Ta saki ɓera ta ce, "Ɗana, ka ga titi nan," ta shimfiɗa hannun dama, "ka ga rumbuna nan," ta shimfiɗa na hagu, ta shiga auna mana tazarar da ke tsakaninsu, da inda kwata ta bi, da inda mijinta ya dasa dogon yaro. Labarin ya yi daɗi, mu ma muka shagala. Sai direban nan da ya tsaya jiran abokinsa ya ƙwalla ihu. Muka waiga, ga kumfa ta ɓullo daga gefen allo, ɗaya, biyu, sai ga su rututu. Ɗakin ya ɗauki salati. Iya ta dafe ƙirji ta ce, "Ashe haka take da sauri? Ni ko numfashi ban sauke ba." Akawu ya hawo da fayil a hannu, ya dubi allo, ya dube mu, ya ce, "Sai gobe."

Gobe Laraba. Jibi katafila. Da na koma gida ban iya cin abincin kirki ba, uwar yara ta ce in dai zan zauna ina juya cokali haka, gara in tashi in gwada a kan wani abu, ko hannun ya saba. Ta miƙo mini sabulun wanki, na yi ta goga shi a kan tabarma yara suna dariya.

Laraba ni na buɗe layi, mai gadi ma a bayana ya zo. Iya mai gawayi ce ta biyu, ta ɗaure bakinta da gefen mayafi, ta ce yau ko gaisuwa ba za ta amsa ba. Sha ɗaya Yallaɓai ya zo, muka juya baya, ya buɗe, ya tafi. Akawu ya sauka ya hawo da fayil ɗina cikin minti ashirin, hannuna bai ko ji ba. Ya buɗe takardata a kwamfuta. Jama'a, na gan ta da idona! Ga lambar shagona, ga awon, ga inda aka rubuta ba ya cikin aikin titi, ga layin ƙasa da ya ce har da rumfar gabansa. Sai da na ji ƙwalla ta taru mini.

Ya danna a buga. Na'urar bugawa ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Ba takarda a cikinta.

Ya ce, "Bari in je sito in karɓo. Ka riƙe."

Na riƙo hannun rigarsa, na yi ƙasa da murya na ce, "Malam, ni fa mai gyara ne. Duk abin da aka ɗaure, akwai inda aka ɗaure shi. Don Allah nuna mini inda aka ɗaure kumfar nan."

Ya waiga dama da hagu, sannan ya karɓi ɓeran ya danna nan, ya danna can. Wani ɗan allo ya buɗe. Ga sunan kumfar a sama, ga wani ɗan gurbi an rubuta 1 a ciki, da 'yar kibiya mai kallon sama da mai kallon ƙasa a gefensa. A ƙarƙashi kuma ga wani ɗan akwati da bai kai ƙwayar wake ba, an sa masa alama, shi ne mai neman lambar sirri. Shi ke nan fa. Abin da ya zaunar da mutum bakwai zama huɗu ke nan.

Na ce, "Haba Malam! Ka danna kibiyar saman nan sau talatin, ka cire alamar nan, kowa ya huta. Ko rabin minti ba za ka yi ba."

Ya rufe allon da sauri kamar ya taɓa wuta. Ya ce, "Ka zaci ban sani ba? Tun ranar da aka saita na sani. Amma ɗayan nan da ka gani, kwamiti ne ya sa shi, yana cikin takardar umarni. Wanda ya taɓa shi, shi zai amsa tuhuma. Saura wata takwas in yi ritaya, ɗan'uwa, shekara talatin da huɗu ba a taɓa rubuta mini ko gargaɗi ba. Na haɗa ka da Allah, kada ka taɓa." Ya tafi ya bar ni da ɓera a hannu, na kuma riga na ga hanyar da ya bi ya buɗe ɗan allon nan.

Mai sito, aka ce, ya tafi kai matarsa asibiti da makulli a aljihu. Akawu ya bi shi.

Awa ta farko da fara'a na yi ta. A ta biyu wuyan hannuna ya fara zafi, kafaɗa ta ɗauka, na koma zana da'ira, na gaji na koma kai da komo. Na so in sauya hannu, igiyar ɓeran gajera ce, ba ta kai hagu ba. Fitsari ya matse ni. Na bayana suka kasu biyu. Wani mai walda ya matso kunnena yana cewa, "Danna mana, wa zai sani? Mu duka nan ba wanda ya ga komai." Wata malamar makaranta kuma ta ce in ji tsoron Allah, dattijon nan amana ya ba ni. Ba zan yi muku ƙarya ba, sau biyu ina buɗe ɗan allon nan. Na kai kan kibiyar sama, saura kawai in danna. Sai in tuna tabaraun nan mai zare, in rufe. Iya tana gefe tana yi mini fifita da murfin fayil, bakinta a ɗaure, sai ido take zarewa.

Ana cikin awa ta uku muka ji hayaniya a baranda. Sai ga Yallaɓai da baƙi huɗu masu manyan riguna, da mai ɗaukar hoto a bayansu. Ashe yau ake zagayen duba yadda sashen ya koma na zamani. Ya nuna musu kwamfuta ta farko, kumfa. Suka gyaɗa kai. Ta biyu, kumfa. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Ma sha Allah, aiki yana tafiya." Suka iso kaina.

Yallaɓai ya dubi allo, ya ga rubutu tsagwaronsa, ya haɗe rai. Ya ce, "Wannan me ya same ta? Ina kumfarta? Kai wane ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai koke ne. Takardata ce a ciki, gobe za a..."

Ya ce, "Ɗauke hannunka."

To, a nan ne ya kamata in daki tebur. Ga teburin a gabana, ga baƙi, ga mai hoto, ga jawabin da na kwana biyu ina shiryawa tun daga shagon Lauya. Ni da nake cika muku shafi duk mako da yadda zan yi da su in mun haɗu. Jama'a, na ɗauke hannuna. Ban tsaya nan ba, na miƙe tsaye, na rusuna, na ji bakina yana cewa, "Allah ya ja zamanin Yallaɓai." Ba wanda ya tilasta mini wannan ƙarin, daga cikina ya fito.

Muka tsaya tsit, mutum wajen ashirin, muna jiran minti ɗaya ya cika. Yallaɓai yana duban agogonsa. Ana haka akawu ya shigo da damin takarda a ka, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya ga Yallaɓai a gaban kwamfutarsa, ya ga hannuna ba ya kan ɓera, ya san ko na taɓa saitin ko ban taɓa ba yanzu za a gani. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi fari haka ba. Sai ga kumfa ta leƙo, daidai kan minti. Baƙi suka yi tafi. Yallaɓai ya ce, "Kun gani? Ba ta saɓa lokaci." Babban baƙon ya juyo ya tambaye ni yadda mu talakawa muke ganin wannan ci gaba, na ce masa gaskiya kumfar tana kwantar da hankali. Aka ɗauke mu hoto.

Na bi Yallaɓai har bakin bene ina ranka ya daɗe, lambar, ranka ya daɗe, minti ɗaya. Ya ce zai raka baƙi, in dawo gobe. Motarsa ta tashi ina kallo ta taga.

Na dawo na zube a benci. Sai Iya mai gawayi ta kwance bakinta. Ta ce, "Ɗana, yau dai sai na yi magana. Ba ga takardarka can tana kallonka ba? Wayarka ba ta ɗaukar hoto ne?"

Na duba. Ai kuwa! Kumfar nan garai-garai take, ana hango abin da ke bayanta, takardata tana nan a buɗe suna yawo a kanta. Akawu ya ce, "Kada kowa ya taɓa teburin nan! In ɓeran ya motsa, ta tafi ke nan." Ni da na yi awa uku ina hana ɓera hutawa, yanzu na baza hannuwa ina gadin kada ko ƙuda ya sauka a kansa. Mai walda ya tare ƙofa. Na zaro waya, hannun dama ya ƙi ɗaguwa, yana ta karkarwa. Hoto na farko ya fito dishi-dishi. Na biyu rufin ɗaki na ɗauka. Na uku, da malamar makaranta ta tallafe mini gwiwar hannu, ya fito tar. Ina shirin na huɗu, akawu, bawan Allah, da wuyansa ya gaji da damin takardar da ya manta yana kansa, ya sauke shi a kan teburin, tim. Kumfa ta ɓace, takarda ta ɓace, ɗan akwatin lambar sirri ya fito yana kallonmu.

Da na isa gida na ba uwar yara labari, na tsallake wurin rusunawar. Tana shafa mini man zafi ta ce, "To da ya ce ka ɗauke hannu, me ka ce masa?" Na ce na yi masa bayani mai ƙarfi. Ta ce, "Hala har da Allah ya ja zamani." Ban san wanda ya auri mace ya ɓoye mata abu ba, ni dai ban taɓa yin nasara ba.

Yau Alhamis da hantsi katafila ta taso daga bakin kwana. Lauya yana tsaye a tsallake da tawul a kafaɗa, yana ɗaga mini hannu alamar in dake. Heluman masu rusau, wato shugabansu, wani gajere mai hular kwano, ya iso wurina ya ce, "Takarda." Na miƙa masa waya. Ya ce, "Wannan mene ne? Ina sa hannu? Ina hatimi?" Ya kai wayar inuwa ya ƙura mata ido, sai na ga bakinsa ya fara motsi. Ya ce, "Kai! Wannan ai kumfar hawa na biyu ce." Ya kira direban katafila ya nuna masa. Ya ce da ni, "Awa nawa ka yi?" Na ce uku. Ya jinjina kai ya ce shi biyu da rabi ya yi a kan takardar hutunsa, kuma bai samu ba. Ya ce takarda mai hatimi kowa yana iya bugawa a kasuwa, amma wannan ba mai iya ƙirƙirar ta, ya yarda daga ofis ta fito.

Ya shiga karantawa da yatsa. Lambar shago, daidai. Awo, daidai. Ba ya cikin aikin titi, daidai. Ya zo layin ƙasa ya tsaya. Wata ƙatuwar kumfa, wadda ta fi duk 'yan'uwanta girma, ta zauna daram a kan layin, hasken taga ya daki bayanta ya yi fari fat. Ba a ganin komai sai harafin farko da ɗigon ƙarshe.

Na ce, "Nan ne aka ce har da rumfar. Wallahi na karanta da idona, ka tambayi safiyo."

Ya ce, "Na yarda da kai, Baba. Amma abin da na gani shi zan bari. In na bar abin da ban gani ba, ni ma tuhuma zan amsa."

Ya ba ni minti goma na janye benci da fankokin mutane. Katafila ta sa baki sau ɗaya. Rumfar da tsohona ya yi kwana uku yana kafawa, yana aike na ina miƙo masa ƙusa, ko minti ɗaya ba ta yi ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, a gaban Lauya da kowa, na kuma ji haushin kaina fiye da yadda na ji haushin kowa. Shagon yana nan tsaye. Yanzu haka a bakin ƙofarsa nake wannan rubutu, rana tana dukan ƙeyata, na ɗora kwali a ka.

Saboda haka ina miƙa godiya ta musamman ga Mai Girma Shugaban Sashe da 'yan kwamitinsa masu hangen nesa, waɗanda kumfarsu ta ceci shagona a inda hatimi ba zai iya ba. Ba na roƙon a cire ta, wane ni. Ba na roƙon a taɓa minti ɗayan nan, na san an sha wahala kafin a cimma shi. Abu ɗaya nake roƙo, in Allah ya sa kwamiti ya sake zama kan maganar girma: a ɗan rage ta kaɗan, ranku ya daɗe. Layin su Iya mai gawayi sai mako mai zuwa za a shiga, ita kuma takardarta gajera ce, layi biyu ne kacal.